Fenti a mahaɗar ƙarafa: tsakanin tsatsa da santsi

Injiniyoyin da ke gina gadoji da manyan gine-gine na ƙarfe sun daɗe suna fama da wata matsala: fentin da ke kare ƙarfe daga tsatsa shi ne kuma kan sa mahaɗar ƙarafan ta yi santsi har ta zame.

Wannan ne ya sa aka shimfiɗa ƙa'idoji na musamman a Turai da Amurka game da abin da za a shafa a wurin da ƙarfe biyu suka haɗu.

Yaya mahaɗar take aiki?

A da dai ana haɗa ƙarafan gini ne da wasu ƙusoshi da ake gasawa a wuta, a zura su cikin rami, sannan a dake kawunansu. Hasumiyar Eiffel da ke birnin Paris, wadda aka kammala a shekarar 1889, tana ɗauke da irin waɗannan ƙusoshi kimanin miliyan biyu da rabi.

Daga shekarun 1950 ne aka fara komawa ga ƙusoshi masu noti, waɗanda ake ƙerawa da ƙarfe mai ƙwari sosai.

Ramin da ake huda wa irin wannan ƙusa yakan ɗan fi ta faɗi. Ƙusa mai kaurin milimita 20 ana yi mata rami ne na milimita 22. Ke nan akwai 'yar tazara da farantan ƙarfen za su iya motsawa.

A gadar da motoci ko jiragen ƙasa ke bi dare da rana, wannan motsi kan sassauta noti, ya kuma gajiyar da ƙarfe har ya tsage.

Don haka sai a ɗaure notin tamau, ta yadda farantan za su matse juna. A nan ba jikin ƙusar ne ke ɗaukar nauyi ba, kaushin fuskokin da suka manne da juna ne ke hana su gocewa.

Ina ruwan fenti a ciki?

Ƙarfin riƙon ya dogara ne a kan abubuwa biyu: yawan matsin ƙusar, da kuma kaushin fuskar ƙarfen.

Ƙa'idar Turai mai lamba EN 1090-2 ta kasa fuskokin zuwa aji-aji. Fuskar da aka kankare da feshin tsakuwoyin ƙarfe ita ce a kan gaba, da maki 0.5. Wadda aka goge da burushin waya tana da 0.3, yayin da wadda aka bari yadda ta fito daga masana'anta ke da 0.2.

Alal misali, ƙusa mai milimita 20 ta ajin 8.8 tana matsa farantai da ƙarfin da ya kai kusan tan 14. A kan fuska mai maki 0.5 za ta riƙe kusan tan bakwai kafin ta zame, amma a kan mai 0.2 ba za ta kai tan uku ba.

Fenti na yau da kullum, musamman mai kauri da sheƙi, yana rage wannan riƙo ƙwarai. Ban da haka, yakan ci gaba da lotsewa a hankali ƙarƙashin matsi, sai ƙusar da aka ɗaure da kyau ta yi sako-sako bayan wani lokaci.

To me zai hana a bar wurin babu fenti?

Ana yin hakan a wasu gine-ginen da ke cikin rufi. Sai dai a fili, ruwa na kutsawa ta gefen farantai. Tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta cinye girma nesa ba kusa ba, don haka takan kumbura ta tanƙwara farantin.

Haɗarin ya fi yawa a garuruwan bakin teku kamar Legas da Fatakwal, inda iska ke ɗauke da laima da gishiri.

Mece ce mafita?

Mafi yawan hanyoyin sun dogara ne a kan tutiya, wato ƙarfen nan da ake lulluɓe kwanon rufi da shi. Tutiya ce ke fara ciyuwa, ƙarfen da ke ƙarƙashinta ya tsira.

Akwai fenti mai ɗauke da garin tutiya da sinadarin siliket, wanda ƙa'idar Turai ta ba maki 0.4, muddin an fara kankare ƙarfen, kuma kaurin fentin bai wuce kashi 80 cikin dubu na milimita ɗaya ba.

Ana kuma fesa narkakkiyar tutiya ko alminiyam a kan ƙarfen, ko a tsoma shi ɗungurungum cikin tutiyar da aka narkar a zafin da ya kai kusan digiri 450 a ma'aunin Salshiyos.

A Amurka, kafin a amince da fenti don wannan aiki sai an gwada shi, ciki har da barin mahaɗar ƙarƙashin nauyi na tsawon sa'o'i 1,000.

Su ma ƙusoshin suna da nasu haɗarin. A watan Maris na 2013, manyan sandunan ƙarfe 32 daga cikin 96 da aka lulluɓe da tutiya sun karye a sabuwar gadar San Francisco zuwa Oakland, kwanaki kaɗan bayan an ɗaure su. Bincike ya ɗora laifin a kan sinadarin haidurojin da ya shiga jikin ƙarfen ya sa shi saurin karyewa.

A wurin aiki kuwa, dole a rufe fuskokin mahaɗa yayin da ake fentin sauran jikin ƙarfen, a kare su daga mai da giris, a kuma jira fentin ya bushe sarai kafin a ɗaure noti. Da zarar an haɗa farantan, mai duba aiki ba zai sake ganin abin da ke tsakaninsu ba sai an kwance su.