ƊINKIN ƘIRGA: SUNANKU DA GANYEN GIDANKU A KAN ƘYALLE

 

Yau ba za mu ajiye bik da kaye ba, amma za mu ƙara musu allura da zare. Za mu yi magana a kan wani ɗinkin hannu da ake yi wa rigar matashi, da zanen gado, da mayafin rufe kwanon abinci. A ɗakunan koyon ɗinki na mata ana kiransa da sunansa na Faransanci, "point de croix". Mu za mu ce masa ɗinkin ƙirga, don da ƙirga ake yin sa. Kowane ɗinki zare biyu ne da suka gitta juna, kamar alamar "sau" da kuka koya a darasin lissafi: X. Wanda ya iya rubuta wannan alama, ya iya rabin aikin.

Ku je Babbar Kasuwar Yamai ko kasuwar Wadata, ku dubi kayan gado masu ado. Furanni ne birjik. To amma ku tambayi mai saye: wannan furen wane icce ne? Sau da yawa ba ta sani ba. Furen wata ƙasa ne, an kwafo shi daga littafin zane na Turai, wannan ta kwafa wurin waccan. Yana da kyau, ba mu ce ba shi da kyau ba. Sai dai ga yakuwa a bayan ɗaki, ga zogale a bakin rijiya, ga kuka mai ganye kamar yatsun hannu. Ko tambarin ƙasarmu Nijar, zangarniyar hatsi uku ke cikinsa. Abin da ƙasa ba ta ji kunyar sa wa a tambarinta ba, ya isa ya hau matashin amarya.

Kayan aiki ba su da yawa. Akwai ƙyalle na musamman mai ƴan ramuka a jere, wanda ake kira Aida. Wanda aka fi samu yana da gida 55 cikin santimita 10. Idan ba ku same shi ba, kowane ƙyalle mai kaurin zare da ido zai iya ƙirgawa ya yi, har da saƙin hannu irin na masaƙanmu. Sai ku ɗauki zare biyu a tsaye da biyu a kwance a matsayin gida ɗaya. Allura kuwa, a nemi mai faɗin kafa, mai dakusasshen baki, don ta bi rami kada ta tsaga ƙyalle. Zaren da aka fi sani shi ne na DMC, kamfanin da ya samo asali tun 1746 a garin Muluz, cikin Faransa ta yau. Zarensa sili shida ne a haɗe. Ba duka ake sa wa allura ba. A yanki tsawon kamu ɗaya, a zare sili biyu, da su ake aiki.

Wani gargaɗi kafin mu wuce. Jan zare mai araha yakan zuba. Ku jiƙa guntunsa, ku matse shi cikin farin tsumma. Idan tsumman ya yi ja, ku bar wannan zare, komi arhar sa. Aikin wata guda yana iya lalacewa a wankin farko.

Yanzu ga inda kaye yake shigowa. Ku ɗauko kaye mai gida-gida, irin na lissafi. Gida ɗaya na kaye, ɗinki ɗaya ne a kan ƙyalle. Ku riƙe wannan magana da kyau, don ita ce tushen aikin.

Mu ɗauki yakuwa. Ku tsinko ganye lafiyayye, wanda tsutsa ba ta ci ba. Ku sa shi tsakanin takardu, ku ɗora abu mai nauyi, ya kwana biyu ko uku har ya miƙe. Sa'an nan ku shimfiɗa shi a kan kaye, ku bi gefensa da fensir. Ku ɗauke ganyen. Ga surarsa ta fito. Sai ku dubi gidajen da layin ya ratsa, ɗaya bayan ɗaya. Gidan da fiye da rabinsa ke cikin ganye, a cika shi. Wanda fiye da rabinsa ke waje, a bar shi. Da kun gama za ku ga gefen ganyen ya zama kamar matakala. Kada ranku ya ɓaci. Ku jingine kayen, ku ja da baya taki biyar, ku sake dubawa. Matakalar ta ɓace, ganye ya dawo.

Ku dubi yakuwar da idon mai aiki, ba da idon mai miya ba. Karanta ja ne. Ganyen sama ya rabu uku, wani biyar, amma na ƙasa sau da yawa bai rabu ba. Furen ruwan ɗorawa ne mai haske, tsakiyarsa ja wur. Mutum ya shekara talatin yana cin yakuwa bai lura da wannan ba, sai ranar da ya zo zana ta. Don ganyen ya yi rai, a sa masa tsanwa iri biyu: mai duhu a gefe ɗaya na jijiya, mai haske a ɗayan. Ba ku da fensir masu launi? Ba komi. Ku sa X a gidan tsanwa mai duhu, O a gidan mai haske, ɗigo a gidan ja. A ƙasan shafin ku rubuta ma'anar kowace alama. Ga shi kun yi rubutu da karatu ba ku sani ba.

Wanda bai taɓa yi ba, ina ba shi shawara ya fara da zogale ko zangarniya. Ganyen zogale ƙanana ne, suna zuwa biyu-biyu, abin da aka yi a dama shi za a maimaita a hagu.

Sai suna. Babban baƙi yakan ci gida 7 a tsaye, gida 5 a kwance, kuma a bar gida 1 tsakanin baƙi da baƙi. Mu gwada da ZARA. Baƙi 4 sau gida 5, ya ba mu 20. Tsakani 3 ne. 20 a tara da 3, ya zama 23. Tsakiyar 23 ita ce gida na 12, wato filin da ke tsakanin A da R. Wannan gida na 12 shi za ku daidaita da karan ganyen, don sunan ya zauna a ƙarƙashinsa daram. Wanda bai yi wannan lissafi ba, shi ne za ku ga sunansa ya fara da manyan baƙaƙe, ya ƙare a matse a bakin ƙyalle, kamar fasinjan ƙarshe a motar kasuwa.

Akwai wani abu da littafin Turai ba zai ba ku ba. Ku buɗe shi daga farko har ƙarshe, ba za ku ga Ɓ ba, ba Ɗ, ba Ƙ, ba Ƴ. Baƙaƙe masu lanƙwasa namu ne. A shekarar 1966 masana sun taru a Bamako suka duba yadda za a rubuta harsunan wannan yanki, har da Hausa da Zabarmanci, da Fulatanci, da Barbarci, da Buzanci. Amma masu buga littafin ɗinki ba don mu suka buga ba. Saboda haka idan sunan ɗanki Baƙo ne, ko Ɗanladi, ke za ki zana baƙin da kanki. Ki zana K ko D kamar kullum, ki ƙara gida 2 ko 3 a samansa su yi ƙugiya, ki kuma tuna ki ƙara su cikin lissafin faɗi. Kada ki ce ƙugiya ƙaramin abu ce. Kun san bambancin baki da baƙi. Kuskuren alli ana share shi da hannu, kuskuren zare kuwa sai an zauna an warware.

Wannan haɗi na baƙaƙe da allura tsoho ne. A ƙarni na 19, ƴan mata a makarantun Faransa sukan ɗinka A har zuwa Z da jan zare a kan ƙyalle, su sa sunansu da shekara a ƙasa. Da haka suke koyon sa wa kayan ɗakinsu alama.

To, a hau ƙyalle. Ku auna tukuna. Zane mai faɗin gida 55 zai ci santimita 10. Ku ƙara santimita 5 a kowane gefe, wato ku yanki 20. Ku ninke ƙyallen biyu, ku sake ninkewa. Inda layukan suka haɗu, nan ne tsakiya, daga nan ake farawa. Ba a ƙulli. A bar ɗan wutsiyar zare a baya, ɗinki huɗu ko biyar na farko su danne ta. Idan zare ya ƙare, a cusa saurarsa ƙarƙashin ɗinkin baya, a yanke. A jere guda, ku tafi kuna yin rabin X har ƙarshe, sa'an nan ku dawo kuna rufewa. Zaren da ke sama ya karkata gefe ɗaya a cikin aikin duka. Idan wani ya dubi gabas wani ya dubi yamma, hasken rana zai tona asiri. Kada a ja zare da ƙarfi, ƙyalle zai tattare. A ƙirga sau biyu kafin a soka. Kuma a yi aikin da hantsi ko da la'asar a inuwa. Ƙirgar ramuka da fitilar dare tana gajiyar da ido.

Maza, na ji wani yana cewa wannan aikin mata ne. Wa ke ɗinka aska takwas a babbar riga? Wa ke zaune a zaure da hula a hannu yana bin zare ɗaya-ɗaya? Ku tambayi kakanninku.

Idan aiki ya ƙare, a wanke da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, ba a murɗawa. A shanya a inuwa, a yi guga ta baya.

Ga aikin gida. Kowa ya zo aji da ganye ɗaya na gidansu, da sunansa a rubuce cikin gidajen kaye. Malaminku zai duba lissafin tsakiya da ƙugiyar baƙaƙe kafin kowa ya taɓa allura. Sai mun sake saduwa. Ku huta lafiya.