Yadda ake zaɓen turare daga ƙarshen damina zuwa shigowar kaka

Da zarar ruwan sama ya fara ja da baya a ƙarshen watan Satumba zuwa Oktoba, masu sayar da turare a Kano da Kaduna da Abuja sukan fara karɓar ƙorafi iri ɗaya daga abokan cinikinsu: turaren da yake wuni a jiki da damina, yanzu kafin azahar ya gudu. Wasu sukan ɗauka jabu aka sayar musu. Sau da yawa kuwa turaren bai canza ba, yanayi ne ya canza.

Turare haɗi ne na mayukan ƙamshi da suke tashi daga jiki ɗaya bayan ɗaya. Na farko su ne marasa nauyi, irin su lemun tsami da lemun zaƙi, waɗanda hanci ke fara ji da an fesa, kuma galibi ba sa wuce rabin sa'a. Daga nan sai na tsakiya, wato furanni irin su wardi da yasmin, su riƙe 'yan sa'o'i. Na ƙarshe su ne masu nauyi: oud da sandal da almiski da ambar da jema, waɗanda sukan kwana a tufafi.

Zafi yana gaggauta tashin ƙamshi, ya kuma ƙara masa ƙarfi. Busasshiyar fata kuwa ba ta riƙe shi kamar mai laima. Da damina iska cike take da danshi, shi ya sa turare mara nauyi yake wadatarwa. Da iskar arewa maso gabas ta fara kaɗawa, danshin kan yi ta raguwa har ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 a tsakiyar hunturu, fata ta bushe, ƙamshi ya riƙa gushewa da wuri.

A nan ne mutane da dama suke kuskure. Tallace-tallacen kamfanonin Turai sukan ce da shigowar kaka a koma turare mai nauyi, domin tasu kakar da sanyi take zuwa. Tamu ba haka take ba. A watan Oktoba zafin rana a yawancin garuruwan Arewa yakan haura digiri 30 sosai, sanyin kuma sai da asuba. Ma'aikacin da ya shafa oud mai kauri da safe, ya shiga ofis mai cunkoso ko motar haya da rana tsaka, zai takura wa na kusa da shi, musamman masu asma da masu ciwon kai, a daidai lokacin da ƙura ta fara tashi.

Saboda haka sauyin a hankali ake yin sa. Daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar Nuwamba, abin da ya fi dacewa da rana shi ne turaren da ya buɗe da lemo ko wardi, ya ƙare da sandal ko jema ko farin almiski. Irin wannan ba ya hawa kai cikin zafi, kuma yana da gindin da zai jure bushewar iska. Masu nauyi, irin su oud da ambar da masu ƙamshin kirfa da kanumfari, a bar su sai da yamma, ko wajen biki, ko kuma sai hazo ya sauka sosai a Disamba da Janairu.

Rubutun jikin kwalba ma yana da amfani. Eau de Toilette yakan ƙunshi man ƙamshi kimanin kashi 5 zuwa 15 cikin 100, Eau de Parfum kuma kashi 15 zuwa 20, sai Parfum ko Extrait da yake haura haka. Wanda ya ji daɗin na farko da damina, zai iya komawa na biyu a kaka ba tare da ya sauya ƙamshin da aka san shi da shi ba.

Turaren mai, wanda babu sinadarin barasa a cikinsa, ya fi jure busasshiyar iska, domin a hankali yake tashi kuma ba ya ƙara busar da fata. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Bint El Sudan, wanda wani kamfanin Ingila ya fara haɗawa a shekarar 1920, kuma aka daɗe ana sarrafa shi a Kano, na mai ne. Haka kuma humra da turaren wuta na Maiduguri, da ake haɗawa da sandal da farce da hawi da kajiji, suna kama tufafi su daɗe. Sai dai a kula, turaren mai yana ɓata farar shadda, don haka a fata ake shafa shi.

Kafin a sayi sabo, a fara gyara fatar. A shafa mai mara ƙamshi bayan wanka, sannan a sa turaren a wuya da wuyan hannu, ba tare da an goga hannuwan da juna ba. Wannan kaɗai yakan sa ƙamshi ya ƙara daɗewa. A kuma tuna cewa hanci yana sabawa: mai turare yakan daina jin ƙamshin kansa alhali na nesa da shi suna ji. Ƙara fesawa da rana sau da yawa ɓarna ce.

A shago kuwa, kada a yanke hukunci da shaƙar farko, domin ita ce mai saurin gushewa. A gwada kala biyu ko uku kawai a fata, a tafi harkokin gaba, a sake shinshinawa bayan sa'a uku ko huɗu. Abin da ya rage a lokacin shi ne ainihin abin da za a biya kuɗi a kansa. Idan na mai ne, a fara da rubu'in tola, kimanin mililita 3, kafin a ɗauki cikakkiyar tola.

Game da farashi, Hausawa sun ce araha ba ta ado. Oud na asali daga itacen agar yake fitowa, a yankin Assam na Indiya da ƙasashe irin su Kambodiya da Indonesiya, kuma sai itacen ya kamu da wata cuta yake fitar da ƙaron mai ƙamshi. Ƙarancinsa ya sa yarjejeniyar CITES ta sanya wa cinikinsa ƙa'idoji. Duk wanda aka tallata masa shi a farashin sabulu, ya san na haɗi ne. Na haɗin ba laifi ba ne, matuƙar an sayar da shi da sunansa da kuma kuɗinsa.

Su ma 'yan kasuwa akwai abin lura. Rana da zafi suna lalata turare, su sauya masa launi da ƙamshi. Kwalaben da aka jera a inda rana ke duka, ko aka bari a cikin mota, asara ce ke jiran mai su. A ajiye su cikin kwalinsu, a inuwa, a wuri mai sanyi.