Ringim Ta Ba Da Minista, Ina Shugabannin Makarantu Mata?

Da zarar an ta da maganar mata da shugabancin ilimi a Jigawa, sai a jefo sunan Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i don a rufe bakin mai ƙorafi. 'Yar Ringim ce, masaniyar manhaja a Jami'ar Bayero, ta yi kwamishinar ilimi a gwamnatin Sule Lamido, sannan ministar ilimi daga 2010 zuwa 2013. Sai a ƙara da Farfesa Fatima Batul Mukhtar, wadda ta shugabanci Jami'ar Tarayya ta Dutse daga 2016 zuwa 2021. Abin alfahari ne ƙwarai, amma duk kujerun nan naɗi ne daga sama, kuma naɗi ba ya barin magajiya.

Cikas ɗin yana tsakiyar tsani. Malama ta fito daga Kwalejin Ilimi ta Gumel ta kama aiki, sai shekarun ƙaro karatu da neman ƙarin girma su zo daidai da shekarun goyo. Abokin aikinta zai hau babur ya bi fayil ɗinsa ofis-ofis, da dare ya zauna majalisa inda ake jin wace kujerar hedimasta ko sakataren ilimi ce za ta faɗi. Ita kuwa tana aji da safe, tana madafa da yamma. Ranar da aka tuna da ita, sai a haɗa shugabancin da canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da babu gidan malamai. In ta ƙi, a ce ita ce ba ta so. An gina tsarin ne bisa zaton kowane ma'aikaci yana da mai riƙe masa gida. Illar kuma tana komawa kan 'yan mata: uba a karkarar Taura ko Babura yakan janye 'yarsa da ta fara tasawa daga makarantar da malamanta duk maza ne, kuma wadda aka janye yau ba za ta zama malamar gobe ba.

Wasu za su ce ai al'ada ce, mazaje ne ke hanawa. Akwai masu hanawa, ba a musu. Amma Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, cikin al'umma mai kulle ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajoji mata suna kai karatu har gida. Ita ta lanƙwasa tsari ya dace da rayuwar mace. Hukumar ilimin bai-ɗaya da ke Dutse na iya yin haka: a tallata kujerun shugabanci a fili, a gina gidajen malamai mata, a kawo ƙaro karatu kusa da Ringim.