Teku Na Cin Bakin Ikko: Su Wane Ne Ke Auna Ɓarnarta?

Duk Bahaushen da ya daɗe a Ikko ya san Bar Beach, inda mutanenmu kan je kallon teku ran salla. Yau wurin ya zama tarihi. Teku ce ta cinye shi sannu a hankali, har ta riƙa tsallakowa tana malala bisa titin Ahmadu Bello Way.

Mutane da yawa na tsammanin fushin ruwa ne kawai, amma akwai dalili. Igiyar ruwa a wannan gaɓa kullum tana tura rairayi daga yamma zuwa gabas, watau daga wajen Badagiri zuwa Ikko. Tsakanin 1908 da 1912 Turawa suka jera manyan duwatsu cikin teku a bakin mashigar jiragen ruwa, don kada rairayi ya toshe hanya. Jirage kam suka sami hanya, amma rairayin sai ya tsaya a yammacin duwatsun, ya daina isa Bar Beach. Teku kuwa ba ta fasa kwasar wanda ke can ba. Shekara da shekaru gwamnati na zuba sabon rairayi, ruwa na tafiya da shi, kamar mai zuba ruwa a kwando. Sai wajen 2009 aka fara gina doguwar katangar duwatsu, aka cike bayanta, nan ne ake gina Eko Atlantic.

Waɗanda suka gano wannan su ne masana ilmin ƙasa da duwatsu, kuma aikinsu ya shafi Arewa ƙwarai. Ofishin binciken ƙasa da aka kafa a 1919, wanda ya daɗe da hedkwata a Kaduna, shi ya yi ta nuna inda za a haƙa rijiyoyi a lardunanmu. A Barno an sami wuraren da in an huda ƙasa da nisa, ruwa ke bulbulowa da kansa ba tare da famfo ba. Man fetur na Oloibiri, da aka samu a 1956, shi ma sai da aka bi sawunsa cikin duwatsu tukuna.

Abin takaici, yaranmu da ke tasowa a Agege da Sabon Ibadan galibi kasuwa kan ja su tun ba su gama sakandare ba, alhali kuwa jami'o'in da ke koyar da wannan ilmi na kusa da su. Ana koyar da shi a Ibadan da Nsukka, haka kuma a Zariya da Jos. Abin da ake bukata shi ne yaro ya ci jarrabawar lissafi da darussan kimiyya da Turanci. Aikin dai ba na zaman ofis ba ne: akwai shiga daji da guduma da taswira, da kwana a tanti. In ya gama, ma'aikatun ruwa na jihohi, da kamfanonin mai, da masu haƙar ma'adinai, da masu gina hanyoyi da madatsun ruwa duk suna ɗaukar irinsa.