Madubi Mai Rami Da Madubi Mai Doro

Jama'a, haske yana tafiya a miƙe, ba ya lanƙwasa. In ya bugi abu mai santsi da sheƙi, sai ya komo, kamar ƙwallon da yaro ya jefa a bango. Hasken da ya bar fuskarmu ya bugi madubi ya komo idonmu, shi ne muke ganin kanmu.

Madubin ɗaki shimfiɗaɗɗe ne, yana nuna mutum daidai girmansa. Amma akwai masu lanƙwasa iri biyu, kuma sabon cokali yana da su duka.

Mu dubi cikin cokali, wajen ramin. Za mu ga fuskarmu ƙarama, kai a ƙasa, haɓa a sama. Ga dalili. Rami yana tattara haske wuri ɗaya a gabansa. Hasken goshi da na haɓa sukan gitta juna a nan, na sama ya koma ƙasa, na ƙasa ya koma sama. To, mu kai ɗan yatsa dab da ramin, har ya kusa taɓawa. Yanzu hasken bai sami damar gittawa ba, sai yatsan ya fito a tsaye, ƙato. Irin wannan ne a cikin tocila: ƙwan yana zaune inda haske ke taruwa, ramin kuwa yana tura hasken gaba. Malam Ibnul Haisam, mutumin Basra da aka haifa wajen shekarar 965, ya yi rubutu a kan madubin da ke tara hasken rana har ya ƙona abu. Saboda haka da rani kada a bar kwano mai sheƙi yana fuskantar rana kusa da kara ko harawa.

Sai mu juya bayan cokali, wajen doron. Doro watsa haske yake yi. Komai yana fitowa a tsaye, ƙanana, amma wuri mai faɗi ya shiga ciki. Shi ya sa ake sa shi a gefen babur da mota.

A nan ne haɗari yake. Ido ya saba, abin da ya ƙanƙance yana nesa. Mai babur ya fito kasuwar Gezawa ya hau hanyar Kano, ya ga babbar mota 'yar mitsitsiya a madubi, ya ce da sauranta, alhali ta kusa cim masa. Kafin mu karya kwana, mu dubi madubi, sa'an nan mu waiwaya mu gani da idonmu.