Yaron da ya kai iyayensa ƙara

Jama'a, a fim ɗin Capharnaüm na Nadine Labaki ƴar Liban, wanda ya fito a 2018, Zain ɗan kimanin shekara 12 ya tsaya gaban alƙali yana ƙarar iyayensa don sun haife shi. Ko takardar haihuwa ba su yi mashi ba, lakol kuwa babu zancenta, sai talla a titunan Bairut. Da suka aurar da ƙanwarsa Sahar tana shekara 11, sai ya gudu, ya ƙare da renon jaririn wata ƴar Habasha, yana jan shi cikin tukunya yana neman abinci. Mu dai nan ne ya fi taɓa mana zuciya. Yaron da ya fito a matsayin Zain ɗan gudun hijirar Siriya ne na gaske.