Sirrin baƙin fentin da ya ƙi ɓarewa

A Amurka, masu gyara bindigoginsu na farauta a gida sukan gamu da wani abin ɗaure kai. Mutum zai sayi fentin injin mota mai jure zafi, ya fesa wa bindigarsa, ta fito baƙa ƙirin. Kafin kakar farauta ta wuce, fentin ya soma ɓarewa a bakinta da kewayen kunama. Alhali tsohuwar Lee-Enfield ta sojan Ingila, wadda 'yan sandan Najeriya suka daɗe suna ratayawa da sunan Mak 4, da yawa daga cikinta fenti aka yi musu, mai suna Suncorite, kuma bayan shekaru aru-aru yawancinsa na nan daram. Ina aka sami bambancin?

Da fari zargi kan faɗa kan fentin. Amma abin da ya jure zafin inji ba zai gaza jure zafin bindigar farauta ba. Saboda haka ba zafi ne ya ɓare shi ba.

Sai a duba yadda aka busar da shi. Wanda ya shanya a rana, ya taɓa ya ji ya bushe, fatar sama kawai ya samu. Irin wannan fenti sai an gasa shi yake nuna. Fentocin da aka yi musamman don bindiga, kamar Gun-Kote, sukan so kusan awa ɗaya a zafin digiri 150 zuwa 165 na Salshiyas, bayan an cire katako da roba, kuma ba a tandar abinci ba. Wanda ba a gasa ba, man goge bindiga kaɗai ya isa ya tausasa shi.

To, wani ya gasa, kuma duk da haka fentin ya yi ƙuraje a mahaɗar sassa. A nan asirin mai laifi na biyu ke tonuwa: tsohon mai da ya ɓuya a lungunan ƙarfen. Da ya ji wuta sai ya tsattsafo, ya ɗaga fentin daga ƙasa. Maganinsa a wanke da asiton, a ɗumama ƙarfen tun ba fenti, a sake wankewa, har gumin man ya ƙare. Daga nan ba a taɓa shi da hannu tsirara.

Amsar ƙarshe tana ƙarƙashin fentin Ingila. Inda ya goge a tsohuwar bindigar, wani shafi ne mai ruwan toka, mai ɗan kaushi, yake bayyana. Fosfet ke nan, da aka jiƙa ƙarfen a ciki kafin fenti. Ƙananan ramukansa su ke shan fentin su riƙe shi gam. Ƙarfe mai santsi kuwa ba shi da wurin kamawa. Shi ya sa gwanaye ke fara kankare shi da feshin garin alminiyam oksaid, sannan su fesa fenti siriri, don mai kauri yakan hana sassa motsi kuma ya fi saurin fashewa.

Feshin 'yan mintoci ne. Wankewa, ɗumamawa da kankara, waɗanda mai gaggawa ke tsallakewa, su ne ke yanke shekarun da fentin zai yi.